Ganyen Da Ya Ɓace

A Wunti na tsince shi, ƙarƙashin tulin gwanjo,
tsakanin lissafin aji uku da wani littafi kan kiwon zomo.
Bappa Jalo ya auna shi a tafin hannu kamar doya,
ya ce ɗari huɗu, tun da ba wanda ya taɓa tayawa.

Bangon ya ce wani Bafaranshe ne ya rubuta
tun ba a haifi uwata ba,
wata Baturiyar Ingila ta juye shi cikin harshenta,
ni kuma ga ni a Yalwa bayan isha'i, da fitilar caji,
ina juye shi cikin nawa.
Kunu ne da ya bi ƙwarya uku.
Allah kaɗai ya san abin da ya kwanta a gindin ta fari.

Ba jarumi. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ci gado.
Wani mutum ne dai ke hawa matakala,
shafi goma sha tara yana hawa
cikin jimla ɗaya tal, ba aya, ba waƙafi,
har numfashina ya ƙare, na tashi na sha ruwa,
na dawo na tarar bai kai ba.
A sama akwai ƙofa. A babi na gaba ta zama taga.
Can kuma marubucin ya ce a yi haƙuri,
gidan ba shi da bene.

Dije ta ce, to me ya faru?
Na ce wani ya ajiye cokali.
Ta ce sai kuma?
Na ce ana kan bayanin cokalin.
Ta ja zane ta rufe kai.

Daga shafi na sittin na juya, sai ga sittin da uku.
Magana ta tsinke a kan "ita kuwa",
ta ɓullo a kan "ruwan sama".
Na buga cinya na ce, kai, mutumin nan gwani ne!
Ya haƙa mini rami, ya bar ni in faɗa da ƙafata.

Kwana tara ina cike ramin.
A bakin kotu, inda nake buga wa mutane takardar rantsuwa,
sai in ga yatsuna sun tsaya:
ita wa? Ta sauko ne, ko ta gaji da jira?
Har na rubuta wa wani tsoho shekarar haihuwa sau biyu,
kowace daban,
ya ce duka biyun za su iya zama gaskiya.

Ranar Asabar na koma Wunti neman ɗan'uwansa.
Ban samu ba. Na tsaya gun Ɗan'asabe mai tsire,
maƙwabcin Bappa,
ya naɗe mini na ɗari biyar da albasa.
Sai da na cinye na ga lamba a kusurwar takarda:
sittin da ɗaya.

Ashe ba Faris ba ce ta yi shiru.
Jikan Bappa ne ke tattara ganyen da ya saki,
yana musanya shi da tsinke guda.

Na ɗaga ta saitin ƙwan lantarki.
Mai ya ratsa ta, gaba da baya sun zama fuska ɗaya,
layi ya hau kan layi, rabi a miƙe, rabi a juye,
mutumin yana hawa yana kuma sauka,
ita kuwa tana tsaye cikin kalmar da ba ta karantuwa.
Yaji ya zuba ɗigo-ɗigo tsakanin kalmomi,
duk ayoyin da Bafaranshen ya hana ni
ga su nan, jajaye, kyauta.

Na mayar da ganyen mazauninsa, ban goge ba.
A ƙasan sunan Baturiyar, da biro,
na ƙara na Ɗan'asabe.
Yanzu littafin na ƙanshin ƙuli,
kuma tun shekaranjiya tururuwa ke bin layi kan shiryayye,
suna shiga ta babi na huɗu.